Hukuncin Kallo da Amanar Sharhi: Fina-finan Koriya a Ƙasar Rima

Tambayar ko ya halatta Musulmi ya zauna ya kalli labarin da wata al'umma mai wani addini da wata al'ada ta ƙaga ta daɗe a ƙasar Hausa, sai dai abin da ake yin ta a kansa ne yake sauyawa daga zamani zuwa zamani. Tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwar Labanan suka fara shigo da fina-finan Indiya gidajen sinima na biranen Arewa, malamai da iyaye suke jayayya a kan lamarin, daga baya jayayyar ta koma kan fina-finan faɗa na Caina, a yau kuma ta iso kan fina-finan Koriya ta Kudu, musamman masu dogon zango. A garuruwan gabashin Sakkwato irin su Goronyo da Wurno da Rabah, waɗannan fina-finai ba ta ƙofar sinima suke shigowa ba, ta wayar hannu suke zuwa, domin masu tura fina-finai a kasuwa da bakin tasha suna cika wa mutum katin memori da kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokinsa waya da waya. Hanya ce da ba ta dogara da sabis ba, saboda haka ko rufe layukan sadarwa irin wanda aka yi a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumba na 2021 ba ya isa ya tare ta. Abin da ya shiga aljihu ta wannan hanya ya wuce hannun hukumar tace fina-finai, ya wuce idon uba, hukuncinsa ya rage tsakanin mai kallo da zuciyarsa.

Yawanci akan kawo wa malami tambayar a dunƙule, ana neman amsa ta kalma ɗaya, halal ko haram, alhali kuwa abin da magabata suka bari a kan labaran wasu al'ummu ya fi haka faɗi. Masu tsanantawa suna da hujja mai ƙarfi a aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala domin ya kautar da mutane daga hanyar Allah. Malaman tafsiri da dama sun danganta saukarta da Nadru ɗan Haris, Baƙuraishen da ya koyo labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa a tafiye-tafiyensa na fatauci, yana tara mutanen Makka yana ba su domin su bar sauraron Alƙur'ani, ko da yake wasu, kamar Abdullahi ɗan Mas'ud, sun fassara zancen shagalar da waƙa. Lahwu, wato duk abin da ya ɗauke hankalin mutum daga abin da ya fi shi muhimmanci, shi ne kalmar da wannan mahawara take juyawa a kanta. Sai dai wanda ya duba ayar da kyau zai ga cewa an ɗaure zargin ne da manufa, wato ɓatarwa da izgili, kuma laifin Nadru bai tsaya ga kasancewar labaransa na Farisa ba, ya kafa su ne kishiyoyin wahayi da gangan.

A ɗaya ɓangaren akwai ruwayar da Buhari da Muslim suka kawo, cewa Habashawa sun yi wasansu na masu a masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallo har sai da ita kanta ta gaji. Wasan na wata al'umma ne, kallon kuma na nishaɗi ne, ba a kuma hana ba. Tarihin karatu a wannan ƙasa ma ya bi wannan sawu. Maƙamatul Hariri, littafin nan mai maƙama 50 da ɗaliban zaure suke karantawa domin ƙwarewa a Larabci, labaran ƙage ne na wani mayaudari mai fasahar baki da ake kira Abu Zaid Assaruji. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, asalinsa daga Indiya yake, daga mutanen da ba Musulmi ba. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga rijiyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya kuma zama abin da ake koyar da yara da shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya rasu a can a 1837, kuma a can kabarinsa yake, ya karɓi littafin lissafin Uƙlidis Bagirke da Larabci daga hannun Bature matafiyi Clapperton a zuwansa na biyu ƙasar nan, ya yi murna da shi domin kwafin gidansu ya ƙone a gobara. Ke nan asalin abu daga wajen Musulunci bai taɓa zama dalilin ƙinsa shi kaɗai ba a wurin malaman da wannan yanki yake tinƙaho da su.

Amma adalci ya wajabta a faɗi inda wannan hujja ta tsaya. Lissafi yana magana ne da hankali, mai karanta shi yana farke, yana bin hujja mataki bayan mataki, fim kuwa yana shiga ta ido da kunne lokaci guda, da fuska da kiɗa da hawaye, ya sa mutum ya so wani ya ƙi wani kafin ya tambayi kansa dalili. Mai karanta Maƙama yana gaban malami da yake tsayar da shi a kowace jimla, mai kallo a waya kuwa shi kaɗai ne a ɗaki cikin dare. Don haka halaccin asali bai kashe magana ba, ya dai mayar da ita kan abubuwa biyu da suka fi wuya, wato yawan abin da ake kallo da kuma idon da ake kallonsa da shi.

Game da yawa, babu wanda ya yi bayani mai gamsarwa kamar Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, wanda ya nuna a littafinsa Almuwafaƙat cewa mubahi, wato abin da Shari'a ta bar wa mutum zaɓi ya yi ko ya bari, yana iya zama halal idan aka dube shi ɗaya-ɗaya, amma ya zama abin ƙi idan aka dube shi a jimlace, kamar yawon shaƙatawa a lambu, wanda babu laifi a yinsa wata rana, amma mayar da shi sana'ar kullum zubar da mutunci ne da ɓarnar rayuwa. Wannan ƙa'ida kamar don fina-finai masu dogon zango aka tsara ta. Jumong, wanda tashar MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007, kuma ya yi farin jini ƙwarai a Najeriya tun zamanin faifan bidiyo, kashi 81 ne, kowane kashi yana kai kimanin sa'a guda, an kuma gina kowanne ya ƙare daidai inda rai ba zai iya haƙuri ba. Babu kashi ɗaya a ciki da za a ce shi ne ya cinye sallar Asuba ko ya sa saurayi ya makara ban-ruwan albasa da tafarnuwa a filayen noman rani na ƙarƙashin madatsar Goronyo, amma jimlar tana iya yin haka, kuma jimlar ce za a tambayi mutum a kanta, tun da hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sanya rayuwa da abin da aka ƙarar da ita a cikinsa cikin tambayoyin ranar hisabi. Mai neman fatawa a kan kashi ɗaya, alhali ya san tamanin ne suke biye, ya ɓoye wa malamin rabin tambayar.

Duk da haka, wanda ya san halin da gabashin Sakkwato take ciki ba zai yi gaggawar ɗaga murya a kan masu kallo ba. Imam Gazali ya yi bayani a Ihya'u Ulumiddin cewa zuciya tana gajiya, kuma hutar da ita da abin da ya halatta taimako ne a kan aikin gaske. Matashin da iyayensa suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, gonarsu ta gagara zuwa, makaranta ta tsaya, idan ya sami sa'a guda da tsoro ya sake shi, bai cancanci a haɗa shi da Nadru ɗan Haris ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya sha gargaɗin ɗalibai a kan tsananta wa talakawa da yin inkari a mas'alar da malamai suka yi saɓani a cikinta, Nana Asma'u kuma, wadda ta zauna a Wurno, ba da tsawa ta janyo matan karkara daga bori ba, ta tsara musu waƙoƙi da harshensu, ta aika musu jajis, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, har gida.

Batun ido ya fi na lokaci zurfi. Abin da ya sa fim ɗin Koriya yake kama Bahaushe shi ne kamannin da yake gani a ciki. Daular Joseon, wadda aka kafa a 1392 ta kuma yi sama da shekara 500, ta ginu ne a kan koyarwar Konfushiyas, mai ɗora girmama iyaye da sanin matsayin babba da ƙarami a kan komai, kuma wannan tarbiyya tana nan a yadda 'yan wasa suke sunkuyar da kai, suke miƙa abu da hannu biyu, suke kauce wa kiran babba da sunansa. Soyayyar da ake nunawa a yawancin masu dogon zango tana tafiya a hankali cikin kunya, ba kamar ta fina-finan Amurka ba. Labarin Jumong kuwa, na 'yan ubanci ne a fada, da kishi tsakanin uwargidan sarki da mahaifiyar jarumin, da jama'ar da yaƙi ya tarwatsa suna neman wanda zai tattara su ya mayar musu da ƙasa, kuma ba a buƙatar yi wa mutumin Rabah ko Goronyo bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. To amma kamanni yakan kwantar da tsaro. Sunkuyon da yake kama da ladabi yakan kai har goshi a ƙasa a gaban teburin abincin da aka shirya wa kakannin da suka mutu, alhali Shehu ya soki ko da sunkuyo a gaisuwa da zuba ƙasa a ka a gaban sarakuna. Giyar soju tana kan kusan kowane teburin abokai a matsayin alamar zumunci da buɗe zuciya. Fim irin Goblin na 2016 an gina shi ne kacokan a kan aƙidar dawowar rai duniya cikin wani jiki. Baligi mai sanin addininsa yana iya ganin duk wannan ya ajiye kowanne a muhallinsa, kamar yadda ɗalibi yake karanta waƙoƙin Jahiliyya ba tare da ya bauta wa Lata ba, amma yaron da ya karɓi wayar yayansa ba shi da wannan ma'auni, kuma fassara tana ƙara rufe masa bambancin. Ɗakunan fassara na Kano, waɗanda Algaita ya fi shahara a cikinsu, sun fara da fina-finan Indiya kafin su faɗaɗa zuwa na wasu ƙasashe, kuma gwanintarsu ita ce sanya karin magana da salati da rantsuwar Bahaushe a bakin baƙo, har mai kallo ya manta cewa a asalin fim ɗin ba Allah ake kira ba.

Akwai kuma abin da kyamara take zaɓa ta nuna. Bayan rikicin tattalin arziki na 1997, gwamnatin Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar fitarwa, ta zuba musu tallafi, kuma buɗe Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja a 2010 wani reshe ne na wannan manufa. Babu aibi ga ƙasa ta tallata kanta, amma wanda yake auna rayuwarsa da gidajen gilashi da fuskoki marasa tabo na fina-finan soyayya ya kamata ya san cewa a ƙasar da ake nuna masa, matsakaicin haihuwar mace ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, kuma yawan masu kashe kansu a cikinta yana cikin mafi muni a ƙasashe masu arziki. 'Yan Koriya da kansu ba su ɓoye wannan ba. Squid Game na 2021 labarin mutum 456 ne da bashi ya kai su ga sayar da rayukansu, Parasite na Bong Joon-ho kuwa, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 2019 da Oscar huɗu a 2020, ya nuna ruwan sama guda da ya zama abin sha'awa ga masu gidan kan tudu, ya kuma cinye ɗakin talakawan da ke ƙarƙashin ƙasa, abin da waɗanda suka ga ambaliyar Rima ta 2010 ba sa buƙatar a fassara musu.

A nan ne aikin mai sharhi yake samun nauyinsa na addini. Duk wanda ya ce wa wani kalli wannan ko bar wancan, ko a majalisar shayi ne, ko a rediyo, ko a Facebook, ko kuma mai turin da saurayi ya ce masa ya zaɓa masa mai kyau, ya zama shaida, kuma lokacin ɗan'uwansa da zuciyarsa amana ne a hannunsa. Mai sharhin da ya tsaya ga yabon kyawun jarumi da zafin faɗa bai ƙara wa kallo komai ba face ƙishirwa, wanda kuma ya la'anci fim bai gan shi ba ya ba da shaida a kan abin da bai halarta ba, alhali aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mumini ga barin adalci. Musulmi sun nemi wannan adalci daga Koriya a 2023, lokacin da fim ɗin King the Land ya nuna wani yarima Balarabe a siffar mashayi mai bin mata, har masu shirya shi suka nemi afuwa, kuma wanda ya nemi a yi masa adalci ba shi da uzurin hana shi. Sharhi na gaskiya yana faɗin abin da fim ya ƙware a kai, ya faɗi abin da ya saɓa wa aƙida a cikinsa ba tare da kara ba, ya faɗi wa ya dace ya gani da wanda bai dace ba, sannan ya fito da tambayar da labarin yake yi wa rayuwa, domin wannan tambayar ce take iya ɗaga kallo daga lahwu zuwa tunani.

Misali mafi kusa da raunin wannan yanki shi ne Miryang, wanda aka fi sani a waje da Secret Sunshine, fim ɗin Lee Chang-dong na 2007 da ya sa Jeon Do-yeon ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a Cannes. Ba irin wanda ake rububi ba ne, domin babu takobi babu fada a cikinsa. Labarin wata bazawara ce da ta koma garin marigayi mijinta da ɗanta ƙwaya ɗaya, aka sace yaron domin kuɗin fansa, aka kuma kashe shi. Cikin ɗimuwa ta shiga addinin Kirista, ta sami natsuwa, har ta ƙudura zuwa kurkuku ta yafe wa wanda ya kashe ɗanta. Da ta isa, sai ta tarar da shi cikin kwanciyar hankali, fuska a sake, yana shaida mata cewa shi ma ya sami Ubangiji, kuma an riga an gafarta masa. Daga nan imaninta ya rushe, domin ta ga an yafe jinin ɗanta ba tare da an tambaye ta ba, an ƙwace mata abu na ƙarshe da ya rage a hannunta, wato ikon yafewa ko ƙin yafewa.

Mai sharhi mai adalci ba zai mayar da wannan fim sandar dukan Kiristoci ba, domin a cikinsu ma akwai koyarwar cewa mutum ya fara shiryawa da wanda ya zalunta kafin ya gabatar da ibadarsa, kuma abin da fim ɗin yake tonawa cuta ce da take kama mabiya kowane addini, wato tuban da ya tsallake wanda aka cuta. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Wurno da Goronyo ya san wannan cuta, ya kuma raba haƙƙi gida biyu saboda ita: haƙƙin Allah, wanda nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa suke gogewa, da haƙƙin bayi, wato jini da dukiya da mutuncin mutane, wanda Imam Nawawi ya bayyana a Riyadus Salihin cewa tuba ba ya cika a kansa sai an mayar wa mai shi ko ya yafe da kansa. Risalar Ibnu Abi Zaid ta kawo hukuncin a kan ɗan fashi kai tsaye, cewa idan ya zo yana mai tuba kafin a kama shi, haddin da yake haƙƙin Allah ya faɗi daga kansa, amma ana bin sa da abin da ya ɗauka na dukiya da jini. Da matar cikin fim ɗin ta san wannan rarrabewa, da ta san cewa natsuwar mai kisan ba ta goge bashinta ba.

Kalmar tubabbun 'yan bindiga ta yawaita a bakin mutanen Arewa maso yamma tun sulhun da gwamnatocin Zamfara da Katsina suka yi a 2019, kuma bayan wannan sulhun ne aka kai harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe fiye da mutum 40. Ana iya samun maslahar da za ta sa shugaba ya karɓi makami daga hannun mai laifi domin ya tsare sauran rayuka, malamai kuma suna da maganganu a kan iyakar wannan maslaha, amma babu gwamna ko sarki ko malamin da Shari'a ta ba ikon yafe jinin da ba nasa ba, kuma sulhun da aka ƙulla ba tare da an zauna da zawarawa da marayu an ji abin da suke bi ba ya bar haƙƙin bayi a inda yake. Sai dai fim ɗin ya nuna wani abu da littafin fiƙihu bai ɗauki nauyin nunawa ba, wato yadda wanda aka cuta yake rayuwa a watannin da suke bin bayan hukunci, yadda maƙwabta masu kyakkyawar niyya suke matsa masa ya yi haƙuri tun bai gama kuka ba, da yadda wannan matsin yake iya kai shi ga fushi da Mahaliccinsa. Limamin da zai je ta'aziyya gidan da 'yan bindiga suka yi kisa yana buƙatar sanin hukuncin da Risala ta kawo, yana kuma buƙatar sanin wannan hali na zuciya, domin kada ya yi wa mai makoki wa'azin yafiya a ranar da abin da ya wajaba shi ne a tabbatar masa cewa haƙƙinsa yana nan, kuma shi kaɗai ne yake da ikon sauke shi.